Firizar da ke jan mutane: yadda aka binne ƙarfe sau uku a wani gida a Ɗorayi kafin a rabu da shokin

Gidan da sana'ar da ake yi a cikinsa

Gidan yana ɗaya daga cikin lungunan Ɗorayi a Kano, ginin bulo ne da aka yi ta ƙara wa ɗakuna a hankali yadda hali ya yi. Maigidan yana da rumfa a Kantin Kwari. Uwargidan kuwa ta daɗe tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da lamurje, yara suna zuwa da kuloli su sara su kai bakin titi. Da firiza ɗaya ta fara, a cikin falo. Da sana'ar ta kankama sai aka gina mata ɗan ɗaki a kusurwar tsakar gida, kusa da famfo, aka jera firiza uku a ciki. Biyu daga cikinsu na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Mai taya ta aiki ita ce 'yar ƙaninta, yarinya 'yar shekara 15, wadda ke zama ƙullin leda idan ta dawo daga Islamiyya.

Wutar ɗakin ba daga akwatin bireka aka ɗauko ta ba. Daga bayan wani soket na falo aka jawo waya, aka bi da ita ta jikin katanga. Wayar mai zare biyu ce: ja mai kawo wuta, wanda masu aikin ke kira layif, da baƙi mai mayar da ita, wato nutural. Zare na uku, kore mai ratsin rawaya, wanda aikinsa shi ne haɗa jikin na'ura da ƙasa, babu shi. An kafa soket ɗin ƙasa-ƙasa, bai fi taƙi biyu daga daɓe ba, daɓen kuwa na siminti ne, ba ya rabuwa da jiƙa.

Akwai kuma zancen filogi. Soket ɗin da muke amfani da shi a Najeriya irin na Ingila ne, mai rami uku. Ramin sama na wayar ƙasa ne, haƙorin da ke shiga cikinsa ya fi sauran tsawo don ya riga su shiga, ya kuma buɗe ɗan ƙyauren da ke tare ramukan biyu. Firizar Turai kuwa da filogi mai zagayayyun haƙora biyu take zuwa, haɗin ƙasanta wasu 'yan ƙarafa ne a gefen filogin, waɗanda sai a soket ɗin can ƙasarsu suke samun abin taɓawa. Abin da ake yi a gidan, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, shi ne a cusa murfin biro a ramin sama, ƙyauren ya buɗe, a danna filogin da ƙarfi. Firiza za ta tashi ta yi sanyinta, babu wanda zai lura akwai abin da ya rage.

Gidan yana da rijiyar burtsatse da sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikinta, da tanki a kan doguwar ƙafar ƙarfe. A ƙolin ƙafar an kafa ɗan ƙarfe mai tsini na maganin tsawa. Akwai injin janareta a baya, da makunnin da ke sauya gida daga wutar Nepa zuwa ta inji, wanda ake kira cenjoba.

Agusta 2024: jan farko

A tsakiyar damina, cikin Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a Kano, yarinyar ta fara cewa, "Gwaggo, firizar lungu tana cizon hannu." Ba ja ne mai ƙarfi ba. Wani zir-zir ne a yatsa idan an taɓa bakin murfin, inda fenti ya goge, musamman da jiƙaƙƙen hannu kuma babu takalmi. Hajiya ta gwada, ita ma ta ji.

Matakin da aka ɗauka shi ne wanda kowa ya sani: aka ajiye silifa a bakin ƙofa, aka shimfiɗa katako a gaban firizar, aka naɗe mariƙin da tsumma. Wata maƙwabciya ta ce baki ne ya yi yawa a kan sana'ar. Hajiya ta ce addu'a kam ba a raba ta da ita, amma a kira mai gyara ya duba.

Satumba 2024: ƙusa a daɓe

Wanda ya fara zuwa mai gyaran firji ne da ke bakin titi. Ya ɗora testa a jikin firizar, ta kawo ɗan haske. Ya ce, "Hajiya, ai ba a haɗa ta da ƙasa ba ne." Ya aika aka sayo ƙusa mai inci 6, ya buga ta a wata tsagar daɓe a gindin bango, ya ɗaura guntuwar waya daga wani noti na bayan firizar zuwa kan ƙusar. Bai buɗe firizar ba.

Maigida da ya dawo ya ji labari ya yi mamaki, ya ce shi a saninsa gidan yana da haɗin ƙasa tun tuni, ga shi can a kan tanki. Ƙarfen tsawa yake nufi. Babu wanda ya bi zancen.

Jan ya ragu har ya zama sai an kula ake jin sa. Haka aka zauna kimanin mako shida, ƙasa tana da sauran laimar damina.

Oktoba 2024: duhun Arewa da gadar waya

Ranar 21 ga Oktoba babban layin wuta da ya taso daga Ugwuaji a jihar Inugu zuwa Apir a Binuwai ya faɗi. Da ma an riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, don haka Kano da yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Ƙanƙara ta yi tsada, mai inji da kuɗin fetur shi ke da kasuwa. Hajiya ta koma kan janareta dare da rana.

A kwanakin nan jan ya dawo, ya ma fi na da. Wani abin da ya ƙara tayar da hankali shi ne idan aka sa testa a soket, ramukan biyu duk suna kawo haske, na layif da na nutural.

Aka kira na biyu, matashi mai aikin wayarin a sababbin gine-gine. Ya ga filogin Turai ya ce su ne matsalar, ya yanke su ya sa masu haƙori uku. Da ya buɗe soket bai tarar da koren zare ba, sai ya ce ba komai, ƙasa da nutural abu ɗaya ne, can a taransifoma a haɗe suke. Ya yanki 'yar waya kamar tsawon yatsa, ya yi gada a cikin kowane soket, daga kusoshin nutural zuwa na ƙasa.

Jan ya ɗauke ɗif, a wutar inji da ta Nepa bayan ta dawo. Testa ta daina haske a jikin firiza. Aka ɗauke katakon, silifar ma wani ya saka ta ya fita da ita, ba a sake nemanta ba.

Disamba 2024: ranar da wuta ta riƙe yarinyar

Wata safiyar Asabar cikin hunturu, akwai wutar Nepa, fitilun gida suna kunne, amma ɗakin firiza ya yi tsit. Ƙwan ɗakin ya mutu, babu ƙarar inji ko ɗaya. Yarinyar ta ɗauka wutar ɗakin ce ta katse, ta ce bari ta yi amfani da damar ta wanke daɓen. Ta zuba ruwa, ta shiga ba takalmi, ta kama bakin firizar tsakiya za ta jawo ta.

Hannunta ya manne. Ba ta iya saki ba, ba ta iya ihu ba. Hajiya da ke tsakar gida ce ta ga jikinta yana karkarwa, ta ƙwala salati ta nufe ta. Babban ɗan gidan ya daka mata tsawa kada ta taɓa ta, ya ruga ya mayar da cenjoba tsakiya, wutar gida ta ɗauke gaba ɗaya. Sai a lokacin yarinyar ta zube.

Tana numfashi, amma tafin hannunta na dama ya ƙone a wuri biyu. Mata suka taru, wata ta kawo madarar gwangwani a ɗura mata. Wata ma'aikaciyar jinya da ke lungun ta hana, ta ce madara ba ta cire wuta daga jiki, kuma ɗura wa wanda bai gama farfaɗowa ba abu a baki na iya shaƙe shi. Ta ce abin tsoro shi ne zuciya, a tafi asibiti yanzu. Aka yi mata gwajin bugun zuciya, aka wanke ƙunar, ta kwana ɗaya aka sallame ta.

Da aka je duba akwatin bireka, babu ko ɗaya da ta faɗi.

Janairu 2025: sanda da gawayi da gishiri

Na uku dattijo ne, ya daɗe a aikin. Ya bi wayar har bayan soket ɗin falo, ya tarar da wurin da aka murɗe zaren nutural aka naɗe da salatif ya ƙone ya rabu. Nauyin firiza uku ta wannan ƙullin guda yake bi, ya yi ta zafi har ya cinye. Ya gyara ƙullin. Da ya buɗe soket ɗin ɗakin firiza ya ga gadojin, ya yi ta salati, ya cire su duka.

Ya ce gidan yana bukatar haɗin ƙasa na gaskiya. Aka haƙa rami a ƙofar gida kusa da mitar wuta, aka sa sandar ƙarfe mai ƙafa 4, aka zuba gawayi da gishiri hawa-hawa, aka kwarara ruwa, aka rufe. Ya ja koriyar waya daga sandar zuwa akwatin bireka. Wayar ɗakin firiza mai zare biyu kuwa aka bar ta yadda take. An yi maganar sauya ta, amma kuɗin asibiti bai daɗe da fita ba, maigida ya ce a ɗan dakata.

Ba a cika mako ba firizar lungu ta koma cizon hannu kamar a Agusta. Hajiya ta kafa doka: babu mai buɗe firiza sai an kashe wutar ɗakin. Ana kashewa ana kunnawa sau da yawa a yini, ƙanƙara ba ta kamawa yadda ya kamata, ga azumi yana tahowa, shi ne kuma kakar sana'ar.

Fabrairu 2025: awo

Na huɗun ta hannun wani abokin cinikin maigida aka same shi. Yana da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba ingancin aikin wuta a ƙasar nan. Bai fara da tambayar inda za a haƙa rami ba. Ya sauke na'urori uku, ya ce a kashe wuta a ba shi yini guda.

Da firizar ya fara, ɗaya bayan ɗaya, da na'urar da ke auna yadda robar waya take tsare wuta. Ana auna wannan da om, kuma abin da ake nema shi ne aƙalla om miliyan 1 tsakanin wayar wuta da jikin na'ura. Biyu suka wuce da nisa. Ta lungu ta ba da kimanin om 100,000. Ya kwance murfin bayanta. A ƙasan kwamfuresa akwai sheƙar ɓera, tsummoki da ɓawon gyaɗa, kuma ɓeran ya gwagwiyi robar jan zare wajen tsawon gaɓar yatsa. Jan ƙarfen ya yi kore, yana kwance a kan soson da ke tsare sanyi, soson kuwa ya sha ruwa, idan an danna shi da yatsa sai ya tsattsafo.

Ya yi wa maigida lissafin a bayan wani kwali. Wutar gida bolt 230 ce. Idan aka raba ta da om 100,000, abin da ke yoyo zuwa jikin firizar ya ɗan haura miliamfiya 2, wato kashi biyu cikin dubu na amfiya ɗaya. Jikin mutum yana fara jin wuta daga wajen miliamfiya 1. A wajen 10 tsokar hannu take ƙullewa mutum ya kasa saki. Daga 30 zuwa sama numfashi da bugun zuciya suke shiga haɗari. Zir-zir ɗin Agusta ke nan, ya isa a ji, bai isa ya riƙe ba.

Sai sandar. Ya kafa wasu ƙananan ƙarafa biyu a layi ɗaya cikin lungu, nesa da juna, ya ja musu wayoyi, yaran unguwa suna biye da shi. Sandar dattijo ta ba da om 310. Ƙusar daɓe ta haura om 2,000. An yi wata huɗu ba ruwan sama, iskar hunturu ta busar da saman ƙasa, sanda mai ƙafa 4 kuwa ba ta kai inda laima take ba. Da ya auna tsakanin ramin sama na soket ɗin ɗakin firiza da sandar, na'urar ba ta nuna wani haɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Alhaji, an haƙa maka ramin ruwa a ƙofar gida, amma ba a ja kwata daga tsakar gida zuwa ramin ba."

Ya ƙara da cewa ko da an ja wayar, sandar ita kaɗai ba za ta tsare kowa ba. Idan layif ya taɓa jikin firiza kai tsaye, bolt 230 a kan om 310 bai kai amfiya 1 ba. Birekar da ke akwatin ta amfiya 20 ce, ba za ta ko motsa ba, jikin firizar zai ci gaba da riƙe kusan duk wutar. Bireka don kada waya ta ƙone ta tada gobara aka yi ta. Wutar da ke kashe mutum ta yi mata ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ta faɗi a ranar Disamba ba.

Game da ranar nan, bayaninsa ya zo daidai da abin da dattijo ya tarar. Da nutural ya rabu a bayan soket ɗin falo, wuta ta ci gaba da shiga ɗakin ta jan zare, ta ratsa cikin injin firiza, ta fito ta baƙin zare, ta rasa hanyar komawa. Gadar da aka yi ta ɗauke ta ta kai jikin firiza ukun duka. Inji ya yi shiru, ƙwai ya mutu, kowa ya ɗauka babu wuta, alhali ƙarfen yana ɗauke da kusan bolt 230, yana jiran wanda zai haɗa shi da jiƙaƙƙen daɓe. Gaskiya ne a taransifoma ana haɗa nutural da ƙasa. Amma a tushen wuta ake wannan haɗin, ba a cikin soket ba, don a soket duk ranar da nutural ya katse, jikin na'ura shi ke maye gurbinsa.

Janareta kuma ya gwada ya ga babu zarensa ko ɗaya da ke haɗe da jikin injin ko da ƙasa, kamar yadda ƙananan injuna da yawa suke zuwa. Shi ya sa testa ke haske a ramuka biyu. Da ya hau duba ƙarfen tsawa, sai ya tarar faffaɗan jan ƙarfen da ya kamata ya sauko daga shi ya shiga ƙasa an yanke shi daidai tsayin mutum, sauran babu. Ƙarfen yana tsaye a sama, babu abin da ke ƙarƙashinsa sai ƙafar tanki da bututun da ke kai ruwa famfo.

Ƙarshen Fabrairu: aikin da aka yi

Gyaran firizar lungu bai ɗauki awa ɗaya ba. Aka yanke gwagwiyayyen zaren aka sa sabo, aka cire jiƙaƙƙen soson, aka toshe hanyar ɓera da ragar ƙarfe.

Aka cire tsohuwar wayar ɗungurungum. Aka jawo sabuwa mai zare uku, kaurin murabba'in milimita 2.5, kai tsaye daga akwatin bireka a cikin bututun roba, aka ɗaga soket ɗin zuwa daidai ƙirji. Aka zare ƙusar daga daɓe.

Sandunan ƙasa biyu aka buga, kowace mai ƙafa 8, da tazarar kimanin mita 3 a tsakaninsu, a bayan gida inda ruwan wanke-wanke da rarar tanki ke nutsewa duk shekara. An sha wahala, don an ci karo da marmara a ta farko, sai da aka matsa gefe. Bai zuba gishiri ba. Ya ce gishiri yana saukar da awo a farko, amma damina tana wanke shi, kafin ya tafi kuma yana cin ƙarfen. Aka haɗa su da kakkaurar koriyar waya zuwa akwatin, aka haɗa har da sandar dattijo da ƙafar tanki da jikin famfon. Awon ya sauko om 46. Aka sabunta saukar ƙarfen tsawa da tasa sandar, aka rufe ta da bututu a inda hannu ke kaiwa, aka haɗa ta da sauran ta ƙarƙashin ƙasa. A wajen janareta ya haɗa nutural da jikin injin da wayar ƙasa, ya tabbatar cenjoba tana raba zaren biyu duka idan ta sauya layi.

Na ƙarshe shi ne na'urar da ake kira RCD. Aikinta kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30, alamar wuta ta bi wata hanya, ko ta wayar ƙasa ko ta jikin mutum, sai ta katse kafin sulusin daƙiƙa. Guda ɗaya aka sa wa gidan duka, don ita kuɗin ya kai. Jimillar aikin ta kusa kuɗin firiza ɗaya ta hannu.

Maris 2025: makon farko na azumi

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Sau biyu a makon farko RCD ta faɗi cikin dare, ba a farga ba sai bayan sahur. A Kano, cikin zafin Maris, firizar da ta yi awanni ba wuta ba ta kama ƙanƙara kafin la'asar. Yaran da ke sari suka zo da kuloli suka koma wani gida.

Maigida ya kira mai aikin ya ce, "Malam, a cire mana abin nan, asarar ta yi yawa." Hajiya ta ce, "Alhaji, ni na ga hannun yarinyar nan a manne. Ba za a cire ba, a nemo abin da ke kayar da ita."

Aka tambayi abin da ake kunnawa cikin dare. Sumo ne, ana tada shi kafin sahur don a cika tanki. A bakin rijiyar aka tarar da ƙullin wayarsa, naɗe da salatif, kwance cikin ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin murfin. Irin wannan na'ura tana iya faɗuwa tun daga miliamfiya 15, kuma kowane abin wuta mai lafiya yana da ɗan yoyonsa. Idan aka tara na gida duka a kan guda ɗaya, ƙari kaɗan ya isa. Aka sake ƙullin a cikin akwati mai hana ruwa, aka ɗaga shi. Aka ƙaro na'urorin, ɗakin firiza da tasa, sumo da tasa, sauran gida da tasa. Aka kuma jawo ɗan jan ƙwai daga layin firiza zuwa ɗakin Hajiya, idan ya mutu ta san wutar ɗakin ta katse. Har aka yi Sallah ranar 30 ga wata ba a sake samun faɗuwa ba.

Agusta 2025: bayan shekara

Aka sake awo a tsakiyar damina, sandunan suka ba da om 29. Sau ɗaya na'urar ɗakin firiza ta faɗi, ranar da rufi ya yi yoyo ruwa ya gangaro cikin soket. Hajiya ta ga jan ƙwan ya mutu, aka busar da soket ɗin aka liƙe kwanon. Babu wanda ya sake jin ko zir-zir. Hannun yarinyar ya warke da tabo, ta koma ƙullinta.

Yadda nake ganin lamarin

Mutum ukun farko da suka zo gidan nan, kowanne ya ce matsalar haɗin ƙasa ce, kuma kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Na farko ya san dole jikin firiza ya samu hanyar zubar da wuta. Na biyu ya san nutural da ƙasa suna haɗuwa a wani wuri. Na uku ya san ana bukatar ƙarfe a cikin ƙasa. Maigida ma bai yi ƙarya ba da ya nuna ƙarfen tsawa, sai dai wancan don tsawa aka yi shi, ba ruwansa da firiza. Abin da babu wanda ya tambaya har tsawon wata shida shi ne me ya sa wuta take fitowa jikin firizar tun farko. Gyaran da ya fi kowanne arha, guntun zare da soso, shi aka yi a ƙarshe.

Aikin na biyu shi ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne wanda aka fi yaba wa a lokacin. Kafin ya zo, gidan yana da ƙaramin yoyo da ke gargaɗin mutane kullum, suna sa takalmi suna taka katako. Bayan ya tafi, gargaɗin ya ɗauke, mutane suka saki jiki, kuma rayuwar duk mai shiga ɗakin ta rataya a kan murɗaɗɗen zare guda a bayan soket. Katsewar nutural ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, inda ake ɗora kaya masu nauyi a kan ƙullin salatif. Duk wanda aka taɓa yi wa maganin shokin cikin minti goma ba tare da an jawo sabuwar waya ba, ya kamata ya sa a kashe wuta a buɗe soket ɗin a duba masa.

Dattijo ya yi aiki mai kyau da ya cire gadojin, watakila ma ya ceci rai. Amma ya tsaya a rabin hanya, kuma nan laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Jan ƙarfe yana da tsada, zare na uku kuma ba ya kunna fitila, don haka shi ne abu na farko da mai gida ke zaftarewa idan ana ciniki. Masu aikin da yawa a hannu suka koya, testa kaɗai suka mallaka, ita kuwa testa haske kawai take nunawa, ba ta faɗin yawan wutar da ke yoyo ko ingancin sanda. Da an auna ramin gawayin nan ranar da aka rufe shi, aka kuma auna soket ɗin, da an san ba a gama ba.

Abin da ya yi aiki ba sanda ba ce ita kaɗai. Koren zare ne da ya isa har jikin kowace firiza, da na'urar da ke ganin yoyon ta katse, da sandunan da suka kai ga laima don yoyon ya samu hanyar da zai bi na'urar ta gan shi, da haɗin da aka yi a janareta don kariyar ta tsaya ko an ɗauke Nepa. Faɗuwar da na'urar ta yi a azumi kuwa aikinta ta yi, don ta tona ƙullin sumo da ke kwance cikin ruwa a bakin rijiyar da gidan ke sha da alwala. Da Hajiya ba ta tsaya da ƙafarta ba a ranar, da an cire ta, kamar yadda ake cire irinta a wurare da yawa.

Akwai sauran aiki a gidan. Tsofaffin ɗakuna biyu har yanzu wayarsu mai zare biyu ce, RCD kaɗai ke tsaron su, maigida ya ce za a sauya idan an tashi fenti. Hajiya tana danna maɓallin gwajin na'urorin duk farkon wata, kuma an shirya sake auna sandunan a Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.